Kowace shekara a Littafin Firistoci nake maƙalewa, wa ke da dabara?

Istifanus:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau na ce bari in fito da shi, tunda mai ɓoye ciwo shi ke kwana da abinsa. Shekara shida ke nan ina koyar da ajin matasa a Sande Sukul. Kowace shekara, da zarar an taso daga sujadar daren sabuwar shekara, sai in ɗauki Littafi Mai Tsarki in ce bana kam sai na ga ƙarshensa. Farawa tana tafiya kamar ruwa a gangare. Fitowa ma haka, har a kai ga Dokoki Goma. Daga nan a shiga awon alfarwa, kamu kaza tsawo, kamu kaza faɗi, ƙugiyoyi da labule, in cije in wuce. Amma da na taka Littafin Firistoci, aka fara zancen kitsen da ke kan ƙoda da kuturtar da ke kama bangon gida, shi ke nan. Kafin Fabrairu ta ƙare na koma gidana na kullum, Zabura 23 da Yahaya 3:16.

Da ban damu sosai ba. Sai Lahadin da ta wuce wani yaro ɗan aji uku na sakandare ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in dai Allah ya san Yesu ne zai cece mu, me ya hana ya aiko shi tun ranar da Adamu ya ci 'ya'yan itacen? Me ya kawo Ibrahim da Musa da yankan raguna shekaru aru-aru?" Na buɗe baki, na rufe. Na ce masa al'amuran Allah sun fi gaban saninmu. Ya ce "to." Irin "to" ɗin nan da kai ma ka san an dai ƙyale ka ne don kai babba ne.

Ayoyi kam na haddace da yawa, amma kamar tsakiyar da ba zare suke a kaina. Ta yaya ake nazarin Littafin nan a tsare, har mutum ya ga shirin Allah daga farko zuwa ƙarshe? Iyayenmu da fastocinmu da ke zauren nan, a taimaka.

Rifkatu:
Ashe ba ni kaɗai ba ce! Kai ma ka yi ƙoƙari. Ni nakan tsallake Firistoci da ƙyar, sai a binne ni a Littafin Ƙidaya, wajen lissafin kabilu. Sau uku ke nan.

Bulus:
Malam Istifanus, ni mutumin lissafi ne, bari in fara da shi. Littattafai 66 ne, sura 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. In kana karanta sura uku kullum, ran Lahadi ka yi biyar, 23 ke nan a mako. Sau 52, ka samu 1,196. Ka ga har da rara. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ne a rana, bai kai lokacin da muke ɓatawa a Facebook kafin mu sauko daga gado ba.

Kuskurenka shi ne bin layi ɗaya tak. Akwai jadawalin da wani fasto ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara wa ikkilisiyarsa a 1842. Kullum kana karatu daga wurare huɗu daban, wajen sura huɗu, a shekara ka gama Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Amfaninsa, ranar da wani wurin ya yi maka tauri, wani zai yi taushi. Da shi na fara kai ƙarshe.

Baba Ayuba:
Bulus ɗana, lissafinka daidai ne, amma ba shi Istifanus ya tambaya ba. Mutum yana iya ratsa kasuwar Kurmi daga wannan ƙofa zuwa waccan bai san inda ake sayar da komai ba. Karancewa daban, ganewa daban.

Lokacin da muke samari, malaminmu na makarantar Baibul yana da wani farin ƙyalle, ya kai tsawon zani uku. Da safe sai mu ɗaure shi tsakanin bishiyar mangwaro da ginshiƙin aji. An zana masa da'irori bakwai da shuni da jan fenti, gicciye a tsakiya, daga can ƙarshe kursiyi. Yana riƙe da tsumagiya yana nunawa, mu kuma muna amsawa kamar 'yan makarantar allo. Zamanai bakwai: zamanin rashin laifi a gonar Aidan, zamanin lamiri har zuwa ruwan tufana, zamanin mulkin ɗan adam daga Nuhu, zamanin alkawari daga Ibrahim, zamanin Shari'a daga Musa, zamanin alheri da muke ciki, sai mulkin shekara dubu mai zuwa. A kowane zamani Allah ya ɗora wa mutum nawaya, mutum ya kāsa, hukunci ya biyo baya, Allah ya sake buɗe wata ƙofa.

Yau shekarata saba'in da 'yan kai, in na rufe ido ina ganin ƙyallen nan har da inda ɓera ya ci gefensa. Duk inda aka buɗe mini Littafin, na san a wace da'ira nake. Shi ya sa ba wanda zai ruɗe ni da zancen me ya sa ba ma yanka rago ko kiyaye dokokin abinci. Wancan zamanin Shari'a ne. Manzo Bulus ya ce wa Timoti ya zama ma'aikaci mai rarraba maganar gaskiya daidai. Rarrabawar ke nan. Ka nemi wannan zanen, Istifanus, ka koya wa yaranka.

Fasto Yohanna:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Irin ku ne kuka riƙe mana Littafin nan har muka taso muka same shi. Amma ku yi mini izini in ɗan saɓa.

Zanen zamanai bakwai ba tare da Littafin ya zo ba. Koyarwa ce da ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 ta hannun John Nelson Darby, sannan Baibul mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909 ya yaɗa ta ko'ina. Da yawa daga cikin turawan mishan da suka zo ƙasarmu da ita aka rene su, shi ya sa ta zauna daram a wasu makarantunmu. Ban ce ba ta da amfani ba. Damuwata ita ce takan sa yaro ya ɗauka Allah gwaji yake ta yi, wannan dabara ta ƙi, ya sake wata. To ai wannan shi ne ainihin abin da ya dame yaron Malam Istifanus.

Ni na fi son a bi zaren da Littafin da kansa ya ba mu, wato alkawari. A Farawa 3:15, tun ranar faɗuwar, an riga an yi maganar zuriyar macen da za ta ƙuje kan macijin. A Farawa 12 Allah ya kira Ibrahim ya ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. A Farawa 49 aka ware Yahuza cikin 'ya'yan Yakubu. A 2 Sama'ila 7 aka ware gidan Dawuda, aka yi masa alkawarin kursiyi na har abada. A Irmiya 31, daidai lokacin da komai ke rushewa, Allah ya yi zancen sabon alkawari da za a rubuta a zuciya. Sai a Luka 22 Yesu ya ɗaga ƙoƙo ya ce shi ne sabon alkawarin, da jininsa. Hanya ɗaya ce tana ta ƙuntatawa har ta tsaya a kan mutum ɗaya, daga nan ta sake buɗewa zuwa dukan al'ummai. Manzo Bulus a Galatiyawa 3 cewa ya yi tun da wuri aka yi wa Ibrahim bishara, kuma Shari'ar da ta zo bayan shekara 430 ba ta soke alkawarin ba.

Malam Istifanus, ga abin da zan faɗa wa yaron da ni ne. Ranar da Yahaya Mai Baftisma ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah, masu sauraronsa sun gane nan take. Me ya sa? Sun yi shekaru fiye da dubu suna ɗora hannu a kan dabba, suna kallon jininta yana zuba saboda laifinsu. Da Yesu ya zo washegarin faɗuwar Adamu, wa ya san mene ne hadaya, ko firist, ko kafara, ko fansa? Allah yare yake koya wa mutane, don ranar da zai faɗi babbar maganar a ji ta. Ba duka amsar ke nan ba, amma ta fi "to."

Firistocin da ke kā da kai kuma, kada ka karanta shi shi kaɗai. Buɗe sura 16, Ranar Kafara: babban firist yana shiga bayan labule sau ɗaya tak a shekara, bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan a furta zunuban jama'a a kansa a kora shi jeji. Ka sa yatsa a nan, ka juya Ibraniyawa 9 da 10. Ka dawo ka ba mu labari.

Baba Ayuba:
Fasto, na ji ka. Amma kada yaran nan su ɗauka abin da muka koya shirme ne na turawa. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda duk Afirka ta san shi da riƙe Maganar Allah kafin rasuwarsa a 1975, a ina ya yi digirinsa na dakta? A makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, cibiyar wannan koyarwar. Shi ma bai iya karatu ba ne?

Kuma ni ban taɓa cewa Allah yana gwaji ba. Mutum ake gwadawa, don a toshe bakinsa. Abin da nake tsoro da hanyarku, kukan narkar da Isra'ila cikin ikkilisiya, duk alkawarin ƙasa da kursiyi ku ce na ruhaniya ne. To Romawa 11 fa, inda aka ce baiwar Allah da kiransa ba a janye su? A bar wa Isra'ila nata, a bar wa ikkilisiya nata.

Fasto Yohanna:
Baba, Romawa 11 kam kun kama ni a wuri mai wuya, ba zan yi musu ba, masana ma ba su gama da surar nan ba. Sai dai ku lura, a cikinta itacen zaitun ɗaya ne, aka sassare wasu rassa, aka ɗaura wasu. Ba itace biyu ba ne.

Dauda:
Yauwa, an zo wurin! Tun da Isra'ila ta dawo ƙasa a 1948 agogo ya fara bugawa. Ku duba yaƙe-yaƙe, ku duba yadda ake son mayar da komai lamba, banki lamba, waya lamba. Ni a ganina a bar Firistoci, a fara da Daniyel da Wahayi, fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, ta kusa. Ina da bidiyo guda biyar zan turo.

Fasto Yohanna:
Dauda, riƙe bidiyonka tukuna. Wani mai gidan rediyo a Amurka, Harold Camping, ya buga lissafi ya ce fyaucewar ranar 21 ga Mayu 2011 ce. Mutane suka rabu da dukiyarsu. Ga mu a nan muna hira. Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar. Kuma Wahayi cike yake da hotunan da aka ɗauko daga Fitowa, Ishaya, Ezekiyel, Daniyel da Zakariya. Wanda ya fara da shi kamar wanda ya shigo gidan biki ana naɗe tabarmi ne, yana tambayar wa aka aurar.

Baba Ayuba:
A nan kam ni da Fasto bakinmu ɗaya. Malaminmu mai ƙyallen nan bai taɓa sa rana ba.

Mai kula da zaure:
Dauda, na goge bidiyon da ka turo, ba don komai ba, data ce ke wahalar da mutane. A tsaya kan tambayar Malam Istifanus.

Mama Saratu:
Tun jiya nake karanta ku ina murmushi. Duk maganarku ta masu boko ce. A Zumuntar Mata tamu akwai mata da yawa da ba sa iya haɗa baƙi, wasu kuma sun iya amma ido ya tafi. Su ba su da rabo a shirin Allah ke nan sai sun san Darby?

Bari in faɗa muku abin da muka yi bara bayan girbi. Wata 'yata ta sa mini Littafi Mai Tsarki na sauti, da Hausa, a memori. Muka sami 'yar rediyon nan mai caji. Kowace Alhamis da yamma mukan zauna a tsakar gidana da buhun gyaɗa, ana ɓara ana saurare. Sura biyu ko uku, sai in kashe, in ce wa zai maimaita mana abin da ya ji? Ba wa'azi, ba komai. Daga Farawa 1 muka fara.

Da muka kai labarin Yusufu, an sayar da shi, kowa ta ƙagu ta ji abin da zai same shi a Masar, sai sura 38 ta katse da labarin Yahuza da surukarsa Tamar. Kun san labarin, ba sai na faɗa ba. Mata suka yi ta salati, wata ta ce, "Mama, wannan ma a cikin Littafin yake? A kashe kada yara su ji." Ni kaina ban san me ya kawo shi wurin ba. Muka wuce.

Da Kirsimeti ta matso na ce bari mu tsallaka mu ji Matiyu. Sura ta 1, sunaye ne kawai, wane ya haifi wane, irin wurin da Rifkatu ke mutuwa. Ana cikin jero su sai aka ce Yahuza ya haifi Feresa da Zera, uwarsu Tamar. Wata tsohuwa a cikinmu, da ba ta cika magana ba, hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta ce, "Tsaya. Tamar ɗin nan tamu?" Na mayar baya muka sake ji. Ta ce, "Ashe ta gidan nan Yesu ya biyo." Ta yi shiru, can ta ce, "To ai kuwa gidana ma zai shiga." Wadda ta san abin da ke gidan matar nan ta san me take nufi. Ba wadda ta ƙara ɓare gyaɗa ko ɗaya sai da aka yi addu'a.

Don haka Istifanus ɗana, ka bar yaran su ji labarin a jere tukuna. Zane da sunayen turawa su biyo baya.

Rifkatu:
Mama kun sa ni hawaye a ofis. Daga yau na daina tsallake sunaye.

Hannatu:
Mama ta taɓo abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mun saba da tsintar aya kamar ana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ku ɗauki Irmiya 29:11, wadda ke jikin sitika a bayan kowace Keke Napep da kalandar kowane coci, cewa Allah yana da shirin alheri dominmu. Kowa ya ɗauke ta a kan biza, ko aure, ko jarrabawa. Ku karanta surar daga farko. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Annabawan ƙarya suna ce musu kwanan nan za ku koma gida. Irmiya ya ce a'a, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku yi wa birnin addu'a, sai an cika shekara 70. Aya ta 10 ke nan, dab da wadda muke so. Wato yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin nan a Babila aka binne su.

Lambobin nan ma da muke yanka Littafin da su daga baya aka sa. Surori aikin Stephen Langton ne, babban bishop na Kantabari, a farkon ƙarni na 13. Ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya raba su a 1551. Mutanen Filibi da aka kawo musu wasiƙar Manzo Bulus ba su ce "yau za mu duba 4:13" ba. Zama suka yi aka karanta musu ita duka.

Dauda:
Hannatu, yanzu ayar tamu ma ƙwace mana za ki yi? Da ita na yi addu'a na sami aiki.

Hannatu:
Allah ya sanya albarka a aikin, ɗan'uwa. Ban ƙwace ba. Amma wanda ya yi addu'a da ita bai samu ba fa, me za mu ce masa, Allah ya yi ƙarya? Ni da na gane ga waɗanda aka rubuta ta, sai ta fi yi mini nauyi. Ƙanwar mahaifiyata ta yi shekaru tana gudun hijira, ba ta koma garinsu ba har yau. Ita ce ta fi mu kusa da mutanen da Irmiya ya rubuta wa.

Agnes:
A yi mini afuwa, ni 'yar Katolika ce, Bulus ya ce littattafai 66 ne, namu 73 ne. Ba rigima na zo da ita ba. Ina so in ce mu ma muna da tsari, sai dai a coci ake bi da mu. Karatun Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, Yahaya kuma yana shigowa musamman lokacin Ista. Karatu na farko yawanci daga Tsohon Alkawari ne, an zaɓo shi ya dace da Bisharar ranar. Tun ina yarinya kunnena ya saba jin su biyun tare. Inda muke da rauni shi ne mu buɗe da kanmu a gida, wannan kam kun fi mu.

Yusufu (Maradi):
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan 'yan kaɗan ne cikin 'yan'uwa Musulmi, gida ɗaya, rijiya ɗaya. In maƙwabcina ya tambaye ni abin da na gaskata, in na fara da Romawa ba mu zuwa ko'ina. Amma Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa, Dawuda, duk sunayen da ya sani ne tun yana yaro. Sai mu zauna bisa tabarma da shayi, ya faɗi yadda ya san labarin, in faɗi yadda Attaura ta kawo shi. Ba mu yarda da juna a komai ba, amma hira tana tafiya da mutunci. Wanda bai san Tsohon Alkawari ba, a garinmu bakinsa a rufe yake.

Ai Ubangiji da kansa haka ya yi a hanyar Imuwasu. Mutum biyu suna tafe cikin baƙin ciki, bai ce musu "ku dube ni, ni ne" ba. Ya fara daga Musa da dukan annabawa yana fassara musu abin da ya shafe shi. Luka 24 ke nan. Wannan darasin nake so a ce an rubuta mana shi duka.

Akwai tsohon Baibul na kakana a wurina, irin fassarar farko ta 1932, wadda Likita Miller na Zariya ya yi wa aiki tare da wasu. Bango ya fita, an ɗinke shi da fata. Abin da ke ba ni mamaki, gefen shafukan Ishaya da Firistoci ya fi na ko'ina baƙi da dattin hannu. Mutumin da ya koyi karatu da girma.

Bulus:
To na sauko daga kan jadawalina, amma ba duka ba. Na ga matsalar guda: littattafan ba a jere suke bi da bi na tarihi ba, an tara su ne iri-iri. Shi ya sa mutum ke shiga annabawa ya ɓace. Amos da Yusha'u a zamanin Yerobowam na biyu suka yi magana, kafin Assuriya ta ci Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu. Ishaya yana tare da Ahaz da Hezekiya. Irmiya ya ga faɗuwar Urushalima da idonsa wajen 586. Haggai da Zakariya kuma suna cikin Ezra sura 5, lokacin sake gina Haikali. In ba ka san Sarakuna ba, duk waɗannan faɗa ne kawai kake ji ba ka san da wa ake yi ba.

Ga shawara. A fara da ƙashin bayan labarin: Farawa, Fitowa, Ƙidaya, Joshuwa, Mahukunta, Sama'ila biyu, Sarakuna biyu, Ezra, Nehemiya, Luka, Ayyukan Manzanni. Na ƙirga, littafi 13, sura 348. Sura uku a rana, kwana 116, bai cika wata huɗu ba. Zagaye na biyu sai a riƙa saka sauran a gurabensu.

Baba Ayuba:
Wato an jefar da Firistoci da Maimaitawar Shari'a ke nan? Kowane Nassi hurarre ne, ba a ce ban da masu wuya ba. Yesu da Shaiɗan ya gwada shi a jeji, duk amsoshinsa uku daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su.

Bulus:
Ba a jefar ba Baba, an ajiye ne sai haƙori ya yi ƙwari.

Baba Ayuba:
Haka Istifanus ya yi ta ajiyewa shekara shida.

Rifkatu:
Baba ya gama da ku 😂

Fasto Yohanna:
A raba gardama. A bi jerin Bulus, amma bayan Fitowa a tsaya mako biyu: Firistoci sura 27, Ibraniyawa sura 13, arba'in ke nan, a ci su tare. Maimaitawar Shari'a kuma ta shiga bayan Ƙidaya, tunda huɗubar bankwana ce ta Musa a bakin Urdun, a nan gurbinta yake. Kuma kowace sura a yi mata tambaya uku: wa ake wa magana, me ya faru kafin nan, ina alkawarin ya kwana. Kada kowa ya yi shi kaɗai. Mutumin Habasha ma da Filibus ya tarar yana karanta Ishaya a karusa cewa ya yi, ina zan gane in ba wanda ya bi da ni?

Istifanus:
'Yan'uwa na dawo da rahoto. Daren Juma'a na yi abin da Fasto ya ce, Firistoci 16 da Ibraniyawa 9 da 10. NEPA ta ɗauke wuta, da fitilar waya na ƙarasa. Da na kai inda aka ce firistoci kullum a tsaye suke suna miƙa hadaya iri ɗaya, shi kuwa ya miƙa guda ɗaya ya zauna, sai na koma Fitowa ina duba kayan alfarwar da nake tsallakewa. Akwai tebur, akwai alkuki, akwai bagade, akwai daro. Ba kujerar da firist zai zauna. Shekara shida ina wuce wurin nan da gudu.

Yau a aji na yi irin na Mama. Ban yi wa'azi ba, na sa suka karanta jawabin Manzo Bulus a Antakiya, Ayyukan Manzanni 13, inda ya taƙaita labarin daga Masar zuwa Dawuda zuwa Yesu cikin 'yan ayoyi. Na ɗaure igiyar shanya daga taga zuwa ƙofa, kowane yaro ya rubuta suna ɗaya a takarda ya maƙala inda ya dace. Baba, ga ƙyallenku ya dawo ta wata hanya. An yi rigima sosai a kan ko Daniyel ne ya riga Dawuda.

Yaron nan kuwa ya saurari zancen koyon yare har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Na ce alhamdu, na tsira. Sai ya sake ɗaga hannu: "To Malam, kakanninmu da suka mutu kafin bishara ta iso ƙasar nan, su a ina za mu maƙala su a igiyar?"

Fasto, Baba, ga ta nan, na ce masa sai Lahadi.

Fasto Yohanna:
Wannan yaron a riƙe shi da kyau. Ka karanta Romawa 1 zuwa 3 da jawabin Atina a Ayyukan Manzanni 17 kafin Laraba, ka same ni bayan addu'ar yamma. Ka zo da biro.

Baba Ayuba:
Ni ma zan zo. Wannan tambayar na yi wa malaminmu, kakana ne a raina a lokacin. Na sa jikana ya duba tsohon akwati, ina jin akwai hoton ƙyallen.

Mama Saratu:
Wanda ke da Ibraniyawa na sauti ya turo wa 'yata, memorina a Ayyukan Manzanni ya tsaya. Ran Alhamis muke shiga Firistoci, kuma masara za mu ɓara wannan karon.